Shagon Akanta Na Yini Ɗaya

A layinmu babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Akanta ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Aikinsa gadi ne a ƙofar wani banki: ya buɗe ƙofa, ya rufe ƙofa, ya nuna wa mutane inda za su bi layi. Amma idan ya taso daga aiki ya zauna a bencin mai aski, sai ka rantse shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiya.

"Shekara goma sha biyu kuɗi suna wucewa ta gaban hancina," in ji shi. "Ni da ganin yadda mutum ya riƙe jaka, na san nawa ne a ciki."

Matarsa tela ce. Wata Juma'a aka biya ta kuɗin ɗinkin kayan makaranta, ta wuce kasuwa ta yi cefanen wata guda: rabin buhun shinkafa, mai, sukari, taliya, madarar gwangwani, sabulu, ashana, da biskit na yara. Ta jera su a kabad. Washegari da safe ta ɗauki sauran ɗinkin za ta kai wata unguwa, ta ce sai yamma.

Tana fita, Akanta ya tarar da 'ya'yansa biyu a kan tabarma sun kifa kai a kan littafi. Dogo ne babba, shekararsa goma. Auta tana bi masa, tana da takwas.

"Me ake yi?"

"Aikin gida ne, Baba," in ji Auta. "Malama ta ce mu rubuta rasit na sayayya guda biyar. Sunan kaya, guda nawa, farashi, jimla, sai abin da aka bayar, sai canji."

Ya karɓi littafin, ya nesanta shi da fuskarsa, ya taɓe baki.

"Ita Malamar taku ta taɓa sayar da ko allura? Lissafin kuɗi ba a kan tabarma ake koyonsa ba. Ku tashi. Yau za ku ga yadda manya suke yi."

Kafin a ce me, ya ciccibi teburin guga ya kai ƙofar gida. Ya buɗe kabad, ya sa yara suka yi ta jido kaya. Dogo ya tsaya da kwalbar mai a hannu.

"Baba, Mama fa."

"Aro ne. Kafin ta dawo kowane ya koma mazauninsa."

Ya yago kwali ya hau rubuta farashi. Matsalar ita ce rabon Akanta da ya sayi ko ƙwayar ashana da hannunsa tun kafin a haifi Auta. Ya rubuta mai ɗari biyar, sukari ɗari biyu, sabulu ɗari da hamsin, shinkafa dubu biyu da ɗari biyar.

"Baba, Mama ta ce man nan dubu da ɗari biyu ta saya," in ji Auta.

"An cuce ta. Kuma ai misali ne."

Daga nan ya ciro tsohuwar kalanda daga bango, ya yanka ta ƙanana, ya rubuta ɗari a wannan, ɗari biyar a wancan, dubu a wani. Yaran layi sun fara taruwa, ya raba musu su ma.

"A wannan shagon," ya ɗaga murya, "wannan takardar kuɗi ce. Ni na faɗa."

Mai aski da ke tsallaken hanya ya ajiye almakashi, ya jawo bencinsa bakin inuwa ya gyara zama.

Auta ce mai saye ta farko. Ta ɗauki sabulu uku, ta miƙa ɗari biyar ta kalanda.

"To, ku buɗe kunne," in ji Akanta. "Ɗari sau uku, ɗari uku. Ga hamsin a kai. Ɗari uku da hamsin."

"Baba, ai kowane sabulu da hamsin ɗinsa. Ɗari huɗu da hamsin ne."

Mai aski ya yi tari. Akanta ya dubi 'yarsa ta saman hanci.

"Doka ta farko: ba a katse malami. Ke ce magatakarda. Ki rubuta duk abin da aka saya da wanda ya saya, amma bakinki a rufe. Kai kuma Dogo, kana miƙo kaya."

Auta ta zauna a kan bokiti ta ja layi a littafinta. Ta rubuta abin da Baba ya faɗa a gefe ɗaya, ta rubuta abin da ya kamata a ɗaya gefen.

Ana cikin haka sai ga Iya, tsohuwar da ke gida na uku, ta fito da jakarta za ta shagon kwana. Ta zo wucewa ta ci birki. Ta matso ta kafa wa kwalin ido, ta sa Dogo ya karanta mata sau biyu.

"Ɗan nan, man ɗari biyar?"

"Darasi muke yi, Iya."

"Eh? Ba ni kwalba ɗaya, da sukari."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro dubu ɗaya, ta gaske. Akanta ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya hango mai aski da mutum biyu suna kallo. Ya juya wajen yara yana murmushi.

"Kun gani? Darasi ya kawo kansa. Mai da sukari ɗari bakwai. An ba da dubu. Yanzu ku ga yadda ake cire canji ba biro ba takarda." Ya ɗaga yatsu. "Bakwai, takwas, tara, goma. Ɗari huɗu."

Ya laluba aljihunsa ya ƙirgo ɗari huɗu. Auta ta ɗaga hannu. Ya harare ta. Ta sauke, ta ci gaba da rubutu.

Iya ta dunƙule canjin, ta rungume kwalbar, ta juya. Matar da kullum take tafiya tana dafa bango, ranar nan ko sanda ba ta nema ba.

"Iya! In an tashi darasi a dawo da kayan!"

"Amin, ɗan nan, amin! Kai ma Allah ya yi maka albarka!"

Ba ta shiga gidanta ba sai da ta leƙa gida huɗu.

Cikin rabin sa'a ƙofar gidan Akanta ta cika. Matar direba ta zo da kwando. Mai wanki ya zo da kumfa a hannu, ya ce sabulu nawa ya rage. Wata da ba a ma san ta a layin ba ta sauko daga babur ta shiga layi. Da farko Akanta yana cewa, "Jama'a, darasi ne fa," amma da ya ji matar direba ta ce, "Ai dole, mutumin banki ne, ya san inda ake samo kaya da araha," sai ya daina. Ya aika Dogo ya ɗauko masa tabarau ɗin da ba ya ƙara masa gani, ya ɗora a karan hanci. Ya sa aka kawo gwangwanin alewa ya zama asusu.

"A bi layi! Ni na san aikin layi!"

Matar direba ta ɗauki madara huɗu da taliya uku. Ya rufe ido, ya motsa leɓe, ya faɗi wata jimla. Ta ce kamar ya yi yawa. Ya rage. Ta ce har yanzu. Ya sake ragewa, ya ce wannan shi ake kira sassauci ga abokin ciniki, yara su lura. Mai wanki ya kwashe sauran sabulu shida, ya biya kuɗin huɗu, aka kuma ba shi canji ya tafi yana waiwaye kamar wanda ake bi.

"Ranka ya daɗe, Akanta!" mai aski ya ƙwala daga tsallake. "Wace irin na'ura ce a kan nan naka?"

"Ba a sayar da irinta."

"Na ga alama. Da ana sayarwa da an dawo da ita."

Mutane suka kwashe da dariya. Akanta ma ya yi, don bai ji ƙarshen maganar ba.

Sai wani yaro mai haƙoran gaba biyu a fashe ya kutsa ta tsakanin ƙafafun manya, ya ɗauki biskit na ɗari, ya miƙa dubu ta kalanda.

"Kai, wannan ai ta wasa ce," in ji Dogo.

"Babanku ya ce kuɗi ce. Kowa ya ji."

"Mun ji!" in ji sauran yaran baki ɗaya.

Akanta yana tsakiyar ciniki da wata mata, hankalinsa a rabe. "Maganata ɗaya ce. Dubu a cire ɗari, saura ɗari tara." Ya zura hannu a gwangwani ya ƙirgo ɗari tara masu kyau ya danƙa wa yaron. Duk yinin nan wannan ne lissafi ɗaya da ya yi daidai. Yaron ya dubi hannunsa, ya dubi Akanta, ya zuba da gudu har takalminsa ɗaya ya cire bai tsaya ba.

Nan take yara suka yi layi nasu. Dogo ya ga abin zai wuce gona, ya zauna a kan gwangwanin ya ce daga yanzu mai kuɗin kalanda canjin kalanda zai samu. Duk da haka biskit ya ƙare. Wani ma ya je gida ya yanko takardarsa, ya rubuta dubu goma da kansa, ya ɗauki madara ɗaya ya ce, "Baba, riƙe canjin."

"Ka ga ɗan mutunci," in ji Akanta, ya jefa ta a gwangwani.

Wajen azahar sai ga mai shagon kwana ya taho, fuska a murtuke. Tun safe ƙuda kawai yake kora.

"Maƙwabci, me na yi maka? Za ka buɗe shago ba ko sallama?"

"Kasuwa ta kowa ce. In ka ga mutane sun guje ka, ka binciki lissafinka."

Mai shago ya buɗe baki zai mayar, idonsa ya sauka a kan kwalin. Ya karanta daga sama har ƙasa. Ya sake karantawa. Fuskarsa ta saki.

"Shinkafar nan dubu biyu da ɗari biyar?"

"Ka ga yadda ake kasuwanci ko?"

"Na gani. Wallahi na gani. Ni da nake zuwa sari ban taɓa samun wannan ba. Ba ni ita. Da man da ya rage. Da sukarin. Ashanar ma kawo."

"Kun ga?" Akanta ya juya wajen jama'a. "Mai shago da kansa ya zo ɗaukar darasi."

"Kullum ka buɗe, ni ne na farko," in ji mai shago, ya saɓa buhu a kafaɗa.

Auta ta ja rigar babanta. "Baba, tebur ya zama wayam. Me za mu mayar kabad?"

Sai a lokacin Akanta ya dubi teburin. Babu komai a kai sai kwali da ƙwayar shinkafa uku. Ya girgiza gwangwanin ya ji nauyi.

"Da wannan za mu sayo sabo, har da ƙari. Ina lissafe a kaina. Mun haura dubu ashirin."

Bai rufe baki ba aka ga mutane suna darewa. Matarsa ce, ta dawo da wuri. Ta sauka daga mota a kwana, ta ga buhu a ƙofar shago an ɗinke bakinsa da jan zare, ɗinkin da ta san hannunta ne. Mai shago ya nuna mata hanya da haɓa.

Ta tsaya gaban tebur. Ta dubi kwali. Ta leƙa cikin gida ta hango kabad a buɗe. Ta dawo.

"Baban Dogo."

"Sannu da dawowa. Kafin ki ce komai—"

"Ina cefanena?"

"Ya zama jari. Nawa kika kashe?"

"Dubu goma sha takwas."

Ya yi dariya, ya juya don kowa ya ji. "Dubu goma sha takwas! To a cikin gwangwanin nan akwai dubu ashirin da ɗaya da 'yan kai. Yini ɗaya! Jama'a ku zama shaida."

Ya kifar da gwangwanin a kan tebur. Kuɗi suka zubo, takardu suka biyo baya. Mai aski, wanda ya bar wani da rabin aski ya tsallako, ya tsinci guda ya juya bayanta.

"Wannan dubu gomar tana da kyau. Ga watan Maris a bayanta, har da hoton jirgin ruwa."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Matar ba ta yi ba. Ta ware na gaske gefe, ta lashi yatsa ta ƙirga a gaban kowa.

"Dubu shida da ɗari biyu. To Akanta, tunda kai ne banki, nawa ya ɓata?"

Ya gyara tabarau. Ya dubi sama. Yatsunsa suka fara motsi a bayan riga. "Wato, idan aka duba ta wani fannin, kamar dubu tara da..."

"Dubu goma sha ɗaya da ɗari takwas," in ji Auta. Sai ta rufe baki da hannu. "Yi haƙuri, Baba. An tashi darasin?"

"An tashi," in ji uwarta. "Me ke cikin littafin nan?"

Auta ta miƙa. Shafi shida cif. Kowane mai saye da rasit ɗinsa: abin da ya ɗauka, abin da ya bayar, canjin da Baba ya ba shi, da canjin da ya kamata. Inda ba ta san mutum ba ta rubuta "mai jan mayafi" ko "ta kan babur". Uwar ta karanta shafi biyu, ta ɗago ta dubi taron. Waɗanda suka fi kowa dariya suka fara ja da baya.

"Kada kowa ya wahalar da kansa," ta ce. "Gida-gida za mu bi. Wanda ke son kaya ya cika kuɗinsu na gaskiya, wanda ba ya so ya dawo da su ya karɓi abinsa. Dogo, ɗauko baro. Baban Dogo, kai za ka tura."

"Ni? A matsayina?"

"A matsayinka."

Haka layinmu ya ga abin da bai taɓa gani ba. Auta a gaba da littafi, Dogo da gwangwani, uwar tana tsakiya, Akanta a baya yana tura baro, yaran layi suna biye. A kowace ƙofa Auta ta karanta rasit, Dogo ya yi jimla da babbar murya, ya cire abin da aka biya, ya faɗi saura. Matar direba ta ce ita madara uku ta ɗauka. Auta ta nuna mata layin, ta ce ga ta huɗun can a kan taga. Mai wanki ya riga ya jiƙa sabulu biyu, ya biya yana gunaguni. Yaro mai fasassun haƙora uwarsa ce ta fito da shi riƙe da kunne, an sami ɗari bakwai a safarsa, ɗari biyu sun zama alewa.

Mai shago ya dawo da komai ba gardama, amma ya ce sai Dogo ya yi lissafin da kansa. Da yaron ya gama, ya ce, "Wannan in ya girma ina da aiki. Uban kuwa ko kyauta."

"Jini ne," in ji Akanta daga bayan baro. "A wurina ya gada."

"To ka bar masa duka, ba ka rage wa kanka ba."

Gidan Iya ne ƙarshe. Tun daga zaure ake jin ƙamshin suya.

"Iya, batun man nan ne," in ji matar Akanta.

"Eh?"

"Man da kika saya! Akwai cikon ɗari bakwai, da na sukari, da canjin da ya wuce!"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ƙafar ce dai ke damuna."

Aka yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Iya ta yi ta amsa gaisuwar da ba a yi mata ba. Daga ƙarshe matar ta ce a bar ta. Sun juya ke nan Dogo ya yi tuntuɓe, ƙwandala ɗaya ta faɗo daga gwangwani ta yi ƙara a kan siminti.

"Wannan tawa ce," in ji Iya.

Da aka dawo gida aka mayar da kaya kabad, aka haɗa lissafi. Tsakanin Iya, da ta kan babur da ba a san gidanta ba, da biskit da alewa, an yi asarar dubu biyu da ɗari uku. Matar ta sa Auta ta rubuta rasit na ƙarshe, ta miƙa wa babanta hannu biyu. Ya karanta, ya ce zai duba shi a ofis. Matar ta ce ya duba shi a nan. Ya shiga ɗaki ya daɗe, aka ji ana ɗaga katifa, ya fito ya biya. Ita kuma ta sa wa kabad kwaɗo, ta rataya makullin a wuya.

Ranar Litinin yara suka dawo daga makaranta da gudu. Malama ta ce rasit biyar, Auta ta kai ashirin da uku. An ba ta maki duka, an kuma zagaya da littafin aji-aji. A ƙasan shafin ƙarshe Malama ta yi rubutu da jan biro, Dogo ya karanta wa babansa a bencin mai aski:

"Wanda ya shirya waɗannan kurakurai domin yara su gano su, ya san aikinsa. Ban taɓa ganin kuskure iri-iri haka a wuri ɗaya ba. Muna roƙon ya zo ranar Alhamis ya yi lissafi a allo gaban iyaye da malamai."

Akanta ya miƙe tsaye. Ya karɓi littafin ya ɗaga sama.

"Kun ji? Kun ji ko? Da gangan na yi! Duk da gangan! Sai mai ilimi ke gane mai ilimi."

"To alhamdu lillahi," in ji mai aski. "Ranar Alhamis ai hutunka ne. Zan rufe shago, duk layi za mu raka ka. Allo fa, Akanta. Gaban iyaye."

"Ko gaban waye."

Ya kwana uku yana faɗin abin da zai yi a allon nan. Ya sa aka goge masa riga. Ranar Alhamis da safe mai aski ya rufe shago kamar yadda ya ce, mai wanki ya zo, matar direba ta zo, har Iya ta fito da sandarta. Suka yi sallama a ƙofar gida. Matar ta leƙo da zare a baki, ta ce ai tun da sassafe ya saka kakinsa ya fita.

A ƙofar banki, abokin aikinsa da ke kan aiki ranar ya ga mutum ya taho yana haki.

"Lafiya? Yau ba hutunka ba ne?"

Akanta ya karɓe kujerar, ya zauna, ya share gumi.

"Hutu? Ƙarshen wata ya matso, lissafi ya yi musu yawa a ciki. In ba na kusa, wa za su tambaya?"